Muryar Aro a Kan Moton Ilu Mai Roba

Tun da na dawo daga Kano ban sake shan shayi da kwanciyar rai a fadarmu ta bakin tasha ba. Kafin kofin farko ya zagayo kaina wani ya ce, "Ilu, ba mu labarin Kano." In na fara ba sa ji, don muryata ba ta iya tsallake tabarma, sai su ce in maimaita, in na maimaita kuma su kwashe da dariya. To ga shi na rubuta. Wanda ya yi lakwal, wato boko, ya karanta wa wanda bai yi ba, ni dai a bar ni da maƙogwarona.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Ilu Mai Roba na Matameye. Sana'ata tallan bokiti da baho da buta da kofuna a kan moto, abin da mutanen Najeriya ke ce wa babur. Ina loda kaya har ba a ganina ta baya, in bi ƙauyukan wajen Icirnawa da Kance. Masu sayen kayana mata ne, kuma mafi yawansu ban taɓa ganin fuskarsu ba, suna cikin gida ni ina waje. Abin da ya haɗa mu murya ce. In na shiga gari na ɗaga ta na ce, "Ga roba ta zo, mai tsohon bokiti ta huta da liƙi," sai a turo yara ko tsofaffi su fito, ciniki ya gudana ta ƙofar zaure. Shekara da shekaru da wannan ihun nake ciyar da gidana.

Bayan kakar bara muryar ta fara dishewa, har ta koma kamar ana jan buhu a ƙasa. Likita ya leƙa maƙogwarona da 'yar fitila, ya ce in ina son abin da ya rage, in daina ihu. Shawara ce mai kyau ƙwarai, sai dai ya manta bai rubuta mini sunan wanda zai riƙa auno mini hatsi ba. Ana cikin haka wani Lawali ya shigo sana'ar da lasifika biyu a kan motonsa. Robarsa in ta kwana biyu a rana sai ta tsage, amma ana jin sa tun daga bayan gari. Ni kuwa in na shiga ƙauye na buɗe baki, awaki ne kaɗai ke juyowa, su ma don tausayi. Na riƙa dawowa da kaya yadda na ɗaure su.

Wata safiya maiɗakina Haule ta ajiye mini koko ta ce, "Baban Nana, ko ka sayi irin abin nan na Lawali, ko ka nemi jaki ka fara ɗebo ruwa. Shi jaki ba ya buƙatar a yi masa talla."

Na tambaya a nan garin, wanda ke da ita ya faɗi kuɗin da ya sa na ga kamar tare da shagon zai ba ni. Na aika Damagaram, nan ma haka. Ai kayan Damagaram daga Kano suke zuwa, suna hutawa a hanya suna yin ƙiba. Sai na ce gara in je gindin bishiyar da kaina. Moton na bar shi a gida saboda wahalar takardun tsallake iyaka, amma da yake ni mai dabara ne, na samo igiyar rama na auna kaurin kan moton na yi ƙulli, na auna daga nan zuwa batir na sake yin ƙulli. Duk wanda ya tambayi Haule ina nake, sai ta ce na tafi Kano saboda maganar maƙogwarona. Ba ƙarya ta yi ba, amma ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Motar da ta kai mu Ɗan Barto ta girme ni. Mu biyu aka ɗora a kujerar gaba, direba kuma yana canza giya a tsakanin gwiwoyina yana ba ni haƙuri kamar da gaske. A bakin iyaka wani mai kaki ya ce in buɗe jaka. Ya zaro igiyar nan mai ƙulle-ƙulle ya ɗaga ta.

"Malam, wannan fa?"

Na ce awon moto ne. Abin da ya fito daga bakina kuwa bai yi kama da maganar mutane ba. Ya dubi igiyar, ya dube ni, ya sa bakin alƙalami ya tura ta cikin jakar ba tare da ya sake taɓa ta ba, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malam. A sa mu a addu'a." Tun da nake ban taɓa wuce iyaka da mutunci irin na ranar ba. Da na sani, da tun ina saurayi nake yawo da igiya.

A Kongolam na yi canji, 'yar sefata ta koma dam ɗin naira, aljihu ya kumbura, na riƙa tafiya kamar attajiri. Arzikin ya raka ni har Kazaure, inda na sayi tsire na gane gaskiya. Direban da ya ɗauke mu daga Kongolam kuwa ba ya tsoron sammu. Bayan motarsa ya ƙi rufuwa saboda buhunan da ya danna, ya hango bakin igiyata a jaka, ya ce, "Baba, ara mana." Kafin in tattaro muryar da zan ce a'a, ya ɗaure, ya sa wuƙa ya yanke abin da ya yi saura. Da muka sauka a Kano ya miƙo mini guntaye biyu cike da ƙulli, ban san nawa ba ban san nasa ba, har da cewa Allah ya saka da alheri.

Masaukina wajen Sanusi ne, ɗan kawuna, taubashina. Ya tafi ci-rani ɗaya, ga shi damina bayan damina tana samun sa a can. In ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce harkoki. Yana ganina ya ce, "Ƙauye, me ya kawo ka birni da murya kamar ƙofar langa-langa?" Na ce na zo in ga ko har yanzu rigar da ka bar gida da ita ce a jikinka. Ita ce kuwa.

Ɗakin da yake kwana a Fagge cike yake da mutanen garinmu, masu ga-ruwa da masu yankan farce da masu shayi. Kowa na son labarin gida, ko an yi ruwa a Kance, ko saniyar wane ta haihu, ni kuma ba murya. Sai suka koma ba ni saƙo. Da na karɓi duk abin da suka ce in kai wa iyayensu, da sai na ɗauki shatar mota. Da safe Sanusi ya kai ni shan fura, na zauna ina jiran a kawo ƙwarya da ludayi, sai na ga an jefa furar cikin wani inji ya yi ƙara, aka zuba mini a kofin roba da tsinken zuƙa. Fura ba gaya, ba abin da haƙori zai taɓa. Shayinsu kuma a kofi ne mai girman butar alwala, a sha sau ɗaya a tashi. Na gane dalilin da ya sa mutanen Kano ke da kuɗi, ba su san ana zama a jira kofi na uku ba.

Daga nan muka shiga kasuwar kayan lantarki. Sanusi ya ce kada in damu, yana da mutuminsa. A Kano kowa yana da mutuminsa, kuma mutumin nan yana ajiye masa ɗan wani abu bayan baƙo ya tafi, wannan sai daga baya na fahimta. Muna shiga shagon mai shi ya miƙe tsaye.

"Alhaji, sannu da zuwa. Kujera ga Alhaji. A kawo wa Alhaji lemo mai sanyi."

Na waiga in ga Alhajin da ya shigo bayana. A Matameye sai ka sayar da shanu ka je ka dawo ake kiran ka haka, a can kuwa ya isa a ga aljihunka ya ɗan tasa. Da ya ji daga inda nake sai ya dafe ƙirji ya ce ai kakarsa 'yar Damagaram ce. Ya gaishe ni, ya gaishe da iyali, ya tambayi damina, har na ji kunyar in fita ban saya ba, don mu a gida mutumin da ya iya gaisuwa shi muke ba amana. Ya ɗauko wasu 'yan lasifika biyu ya jona waya ya kunna. Ƙarar ta dake ni a ƙirji, kwalaye suka riƙa rawa a kan kanta. Na ce a raina Lawali ya shiga uku. Allah ya sa hulata ta faɗi, na sunkuya in ɗauka, sai na ga wayar ta wuce 'yan lasifikan ta bayansu, ta gangara ƙarƙashin kanta, ta shige cikin wani akwati mai girman rumbun tsaba. Na nuna wa Sanusi. Ya ce, "Ai wannan ɗan taimako ne kawai." Na ce to a ɗaure mini taimakon ma a kan moto.

Mai shago na biyu shi ma kakarsa 'yar Damagaram ce. Na fara tausaya wa Damagaram, ashe duk tsofaffinta Kano suka yi aure. Wannan ya ɗora mini lasifika a tafin hannu ya ce in ji nauyi. Ya kama ni a daidai inda nake da rauni, don mu da nauyi muke sayen kankana da rago da tukunya. Ina cikin jinjinawa wani mutum ya faɗo shagon da irinta a buɗe, an manna guntun ƙarfe a cikinta da gam. Mai shagon bai ko girgiza ba, ya ce, "Kujera ga Alhaji." Na uku nasa masu fitilu ne, ja da kore suna walƙiya, a jikin kwalin an rubuta lamba mai jerin sifili kamar ƙwan zabi. Tun ban tambaye shi komai ba ya fara rantsuwa. Mahaifina ya sha gaya mini cewa mai kaya mai kyau ba ya gaggawar kiran sunan Allah a ciniki.

Da azahar ta yi na sulale na bar Sanusi. A bakin titi na samu masu gyaran babura a gindin wata bishiya, na gaishe su, na matsa kusa da babbansu don ya ji ni, na ce ba wanda suke aika baƙi wurinsa nake nema ba, wanda suke saya a wurinsa in abin na kansu ne. Suka dubi juna suka yi dariya. Babban ya ce, "Je ka ƙarshen layin can ka tambayi Ba-Dariya. Amma in kana da hawan jini kada ka je."

Shagon ƙarami ne, mai shi dattijo ne siriri mai tabarau, yana liƙa wata waya. Na yi sallama ya amsa, daga nan bai ƙara ko harafi ba. Ba kujera, ba lemo, kuma ga alama kakarsa a Kano aka haife ta. Na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ina babur ɗin?"

"Yana Matameye."

"To me ka zo yi?"

Na zaro guntayen igiyata na shimfiɗa masa a kan kanta. Ya daɗe yana kallon su. Ya tambayi irin moton, na faɗa, ya ce duk kaurin kansu ɗaya ne, in mayar da tarkacena jaka kada in kore masa mutane. Sannan ya ce, "Kiɗa ko talla?" Na ce talla. Ya ture manyan da idona ke kai, ya ɗauko wasu ƙanana baƙaƙe marasa ko ado. Ya ce manyan na samari ne masu son gari ya san sun wuce, batirina ba zai ɗauke su ba, fitilu kuma ba sa magana. Ya fita ya ɗaura su a kan nasa babur, ya jona su da rediyo, ya tayar da inji, ya ce in taka har ƙarshen layi. Na je can na tsaya cikin hayaniyar kasuwa da ƙugin injin, ina jin kowace kalma ta mai karanta labarai tas. Da na dawo ya ɗauki butarsa ya kwarara musu ruwa suna cikin magana, ba su ko yi tari ba. Ya ce in gaya wa mai haɗa mini ya bi da wayar ta makunni, in ba haka ba zan wayi gari batir ya mutu. Ya ce in sun lalace kafin ƙarshen damina in dawo da su. Bai rantse ba. Na gwada neman ragi, sai kawai ya fara mayar da su cikin kwali, na yi maza na biya.

Ina shirin fita ya ce, "Wa zai yi tallan a ciki?"

Na ce zan sa a yi mini.

"Ka yi da bakinka."

"Baba, kana dai jin bakin nawa."

"Ina ji. Masu sayen ma shi suka sani."

Ya koma kan wayarsa. Na fita raina a ɓace, na ɗauka ba'a yake yi mini, don a lokacin duk wanda ya ambaci muryata sai in ji kamar ya taka mini gyambo.

Sanusi da ya ga la'ada ta wuce shi, sai ya nemo wata hanyar yi mini alheri. Ya kai ni wani ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da katifa, inda wani mai murya kamar ta gidan rediyo ya ɗauki talla da kiɗa da amsa-kuwwa: "Jama'a, jama'a, albishirinku, babban kamfanin kayan roba na zamani ya iso garinku." Na saurara, na ce ashe ni kamfani ne ban sani ba. Sanusi ya ce mai irin wannan murya ba ya yawo da tsohuwar hula, ya sa na sayi hular kwano mai baƙin gilashi. Haka na kamo hanyar gida, kwali a cinya, kwano a hammata, da saƙon mutum goma sha wani abu.

Aka haɗa mini kaya a nan Matameye, na yi lodi, na kifa kwanona, na nufi ƙauyen da na fi ciniki a wajen Icirnawa. Tun daga bayan gari na saki kamfani. Yara suka fito suka tsaya nesa, suna nuna kujerar moton mai jan faci, sannan suka ruga cikin gidaje. Na ce madalla, sun tafi kiran iyayensu. Na zagaya garin har mai ya fara ƙasa, ko kofi ba a taya ba. Ƙauye na gaba haka, washegari ma haka. Gaskiya na ji tsoro. Jarina ya tafi Kano, murya ba ta dawo ba, ga yara a gida. Na riƙa tsine wa Ba-Dariya a zuci, ina cewa da masu fitilun na saya.

Ranar kasuwa na dawo daga sayen esansi, wato man moto, da hantsi, sai na ga takalman tsofaffi a ƙofar ɗakin Haule, ina jin salati ƙasa-ƙasa da sheshsheka. Sai na ji Haule tana cewa, "Iya, wallahi yana nan da ransa, yanzu ya fita." Na yi gyaran murya, iyakar abin da za a iya gyarawa, na leƙa.

Iya Tabawa ce da wasu tsofaffi biyu daga ƙauyen nan. Iya Tabawa ita ce wadda ta fi kowa wahalar da ni a ciniki, ita matan garin ke turowa, kuma ba ta taɓa ɗaukar bokitina ba tare da ta ce takarda ne ba. Sun biyo amalanke, ga ƙullin gero a gabansu. Idonta ya yi rauni, ta ɗaga kai tana neman inda nake.

"Wane ne wannan?"

"Ni ne, Iya. Ilu."

"Ilu an ce an kai shi Kano saboda maƙogwaro. Muka daina jin sa. Sai ga motonsa da wani baƙo mai tukunya a ka, yana magana kamar rediyo. Muka ce shi ke nan, har an raba gado an sayar da moton. Matan garinmu suka ce ba mai sayen ko ludayi a hannun mutumin da ya hau moton mamaci tun ba a yi arba'in ba." Ta share ido da bakin mayafi. "In kai ne, matso ka yi mana tallan mu ji."

Na durƙusa a gabanta. Na tattaro abin da likita ya bar mini, na ce, "Ga roba ta zo, mai tsohon bokiti ta huta da liƙi." Ƙarshensa ma bai fita ba, iska ce kawai.

Ta juya wajen sauran ta ce, "Shi ne. Muryar ta mutu, amma shi ne." Ta kama hannuna ta riƙe tana kuka, ni ma ban san lokacin da nawa hawayen suka zubo ba. Na yi shekaru ina zaton matan nan roba kawai suka sani a wurina. Da ta gama ta saki hannun ta ce, "Bahon da ka sayar mini bara ya tsage."

A ranar na shiga ɗaki na ɗauki tallan da bakina a salular Haule, aka zuba mini shi a madadin na kamfani. Yanzu dishewar nan tawa ana jin ta tun daga bayan gari, kamar an ba tsohon bunsuru lasifikar masallaci, kuma kafin in tsaya tsofaffi sun fito. Hular kwanon tana nan, kaza ta yi ƙwai a ciki. Na kira Ba-Dariya in gaya masa maganarsa ta fito. Ya ce, "Sun lalace ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To me ya sa ka kira?" ya kashe. Duk wanda ke son sayen lasifika a cikinku, ga shawarata kyauta: ku wuce mai kujera da lemo, ku nemi wanda ke sayar wa masu gyara, ku sa a gwada muku a waje inji yana aiki.

Geron ta'aziyyar kuwa na yi na yi Iya Tabawa ta koma da shi, ta ƙi, ta ce an riga an yi niyya. Furar da na sha yau da safe ma daga cikinsa Haule ta daka, da ƙwarya da ludayi, da gaya. A ranar, da Iya Tabawa za ta hau amalanke ta juyo ta ce mini, "Ka ci a hankali, Ilu, naka ke nan. Ranar da ka mutu da gaske kada ka sa ido."